Yadda za ku haɗa kayan wasan minstirel don nuna tarihi, ba tare da an shafa wa kowa baƙi a fuska ba

Assalamu alaikum jama'a, musamman 'yan ƙungiyoyin dirama na lise da na unguwanni a nan Garwa da Marwa da Ngaundere har Kuseri, da 'yan uwa na tsallaken gada a Njamena. Duk shekara in 11 ga Fabrairu ta matso zaka ga kowace ƙungiya tana neman wasan da zata fito da shi ranar matasa, kuma da yake watan Fabrairu ɗin shi ne watan da baƙaƙen Amurka ke tuna tarihinsu, akwai masu sha'awar taɓo wannan ɓangaren, wanda abu ne mai kyau sosai. To a cikin tarihin nan akwai wani babi da ba a cika koyar da shi a lekol ba, wato wasan minstirel, kuma shi wannan babin kusan gaba ɗayansa a jikin tufafi aka rubuta shi, shi yasa duk wanda zai nuna shi a dandamali dole ya san me zai ɗinka, me zai saya a gwanjo, da kuma abin da ko kusa bazai taɓa ba.

Ga wanda bai taɓa ji ba, minstirel wasa ne da turawan Amurka suka riƙa yi suna shafa baƙi a fuska suna kwaikwayon baƙin mutum a matsayin wawa, rago, mai dariya ba dalili, wanda wai yana jin daɗin bauta. Ya kankama ne wajen 1830 lokacin da wani ɗan wasa Thomas Rice ya fito da wani hali da ya kira Jim Crow, yana rawa yana ɗingishi cikin tsumma, har ya kai wasan Landan a 1836. A Fabrairun 1843 wasu mutum huɗu, Dan Emmett da Billy Whitlock da Dick Pelham da Frank Brower, suka haɗu a birnin Niyok suka mai da abin cikakken wasan dare guda, daga nan fa ya zama nishaɗin da ya fi kowane farin jini a ƙasar na shekaru masu yawa, a daidai lokacin da mutanen da ake kwaikwayo ɗin suna gonakin auduga cikin bauta, ƙidayar 1860 ta nuna bayi kusan miliyan 4. Kuma sunan Jim Crow ɗin nan shi ne daga baya aka liƙa wa dokokin wariyar launin fata da suka daɗe har zuwa 1964. Ba ma a Amurka kaɗai ya tsaya ba, BBC ta riƙa nuna irin wannan wasan a talabijin a Birtaniya daga 1958 har 1978, wato iyayenmu da yawa an riga an haife su.

To kafin ku je kasuwa ku zauna ku yarda da abu ɗaya tukuna: kayan minstirel ba tufafin baƙaƙen Amurka bane, tufafin da aka ɗinka ne don a yi musu ƙarya. In kuka riƙe wannan sauran aikin mai sauƙi ne, domin zai nuna muku cewa ba kaya iri ɗaya za ku haɗa ba, iri biyu ne, na dandamali da na gaskiya, kuma a ajiye su kusa da juna mai kallo ya gani da idonsa. Wasan da ya nuna kayan dandamalin kaɗai, ko da niyya mai kyau aka yi shi, wallahi maimaita wasan Rice kawai ya yi, mutane za su yi dariya a inda turawan 1840 suka yi dariya su tashi su tafi gida.

Sai hotuna. Kada tela ya ɗinka muku komai da ka. Ɗakin karatu na majalisar dokokin Amurka ya saka tsofaffin fastocin wasannin nan a intanet kyauta, akwai kuma gidan tarihin Jim Crow da ke jami'ar Ferris a jihar Michigan wanda David Pilgrim ya kafa, da babban gidan tarihin baƙaƙen Amurka da aka buɗe a Washinton a 2016. Ku nemi zanen Jim Crow na shekarun 1830, da zanen Zip Coon na 1834, wani halin minstirel da za mu yi maganarsa a gaba, da fastar nan ta 1900 ta ƙungiyar William West wadda ta nuna fuskar ɗan wasa Billy Van sau biyu, gefe ɗaya bature da gashinsa a taje gefe ɗaya kuma bayan ya shafa baƙi. Wannan fastar ku buga ta babba a inda ake buga fastocin biki, zata yi muku aiki sosai nan gaba. Sauran ku buga a takarda ku kai wa tela a hannu, don in a waya kuka nuna masa gobe ya manta.

Kayan Jim Crow su suka fi sauƙi kuma su suka fi buƙatar hankali. A zanen za ku ga kwat da ta yage a kafaɗa da gwiwar hannu, wando mai faci kala-kala wanda bai kai idon sawu ba, takalmi da ya buɗe baki yatsu a waje, da wata malfa da ta lotse. Duk wannan a gwanjo za ku samu, ku je layin masu kwat ku ce a fito muku da waɗanda suka daɗe ba a saya ba, masu tabo ko wadda asu ya ci, su ne ake bayarwa da araha kuma su kuke so. Ku ɗauki kwat da ta fi ɗan wasan girma da lamba biyu, wando kuma wanda ya yi masa kaɗan, wannan rashin daidaiton da gangan suke yinsa don jiki ya zama abin dariya tun kafin mutum ya buɗe baki. Facin kuma kada a yi shi da keke, a sa hannu da zare mai kauri fari, ɗinki manya-manya yadda na kujerar baya zai hango. Ku lura da wani abu anan wanda ya kamata mai ba da labari ya faɗa wa 'yan kallo, talaka na gaskiya in zai yi faci yana neman ƙyalle mai kama da rigar ne ya ɓoye facin don ya rufa wa kansa asiri, amma facin minstirel ja ne a kan shuɗi, rawaya a kan baƙi, an yi shi ne don a gani a yi dariya. Su kansu 'yan wasan sun riƙa yaɗa labarin wai Rice daga jikin wani baƙin ɗan dako ya ari kayansa na farko, don mutane su ɗauka abin da suke gani gaskiya ne.

In kayan gwanjon sun yi sabunta da yawa ku tsufar da su da kanku. A tafasa ganyen shayi mai yawa ko bagaruwa a jiƙa farar riga a ciki ta kwana, zata fito da kalar ƙasa-ƙasa, gwiwa da bakin hannu kuma a goga su a kan dutse ko siminti har zaren ya fara fita, sannan a yage da hannu, almakashi yana barin baki a miƙe kowa ya gane yanka ne. Ku cire shafin cikin kwat ɗin gaba ɗaya, kun san Garwa a tsakiyar Fabrairu, hunturu ya fara ja baya zafi ya fara shigowa, yaro ya sa kwat ɗin ulu mai shafi ya yi rawa a ƙarƙashin fitila zai iya faɗuwa.

Na biyu shi ne Zip Coon, kuma ni a ganina shi ne ya fi ciwo, shi ya kamata ku fi ɓata lokaci a kai. George Washington Dixon ne ya yi suna da shi a 1834. Shi ba tsumma yake sawa ba, ɗan gayu ne, kwat shuɗiya mai dogon wutsiya biyu a baya, wando matsattse, riga mai tattara a ƙirji, falmaran, sarƙar agogo tana lilo, tabarau mai ido a riƙe a hannu, doguwar hula ta turawa. Wa ake zagi da wannan? Baƙin mutum mai 'yanci da ke zaune a biranen arewacin Amurka, wanda ya yi aiki ya samu kuɗinsa ya sayi kwat mai kyau ya sa ya tafi coci ko taro. Wato in ka sa tsumma a yi maka dariya an ce kai wawa ne, in ka yi ado a yi maka dariya an ce kana kwaikwayon abin da ba naka ba, ba a bar maka rigar da zaka sa a ganka mutum ba. Wannan ita ce maganar da wasanku zai faɗa, kuma tufafin ne za su faɗe ta in an ɗinka su daidai.

Kwat mai wutsiya da wuya ku same ta a gwanjo, sai dai a gyara. Ku sayi kwat baƙa ko shuɗiya guda biyu masu kala ɗaya, ko kwat da wandonta, ku kai wa telan da ya saba ɗinkin kwat ba mai ɗinkin babbar riga ba, ku ce masa, Baba ga hoto, gaban nan a yanke shi daidai ƙugu a naɗe bakin, daga ƙyallen ɗayar kuma a fitar da wutsiya biyu a ɗora a baya su sauka har bayan gwiwa. A sa ɗan kwali mai laushi ko yadi mai tauri a cikin wutsiyar don ta tsaya ta riƙa kaɗawa in an juya. Maɓallai a cire na asali a sa manya masu ƙyalli. Tattarar ƙirji ragowar leshi fari ya isa, a tattare shi a ɗinka a gaban farar shat. Kwala kuwa ita ce alamar da aka fi gane kayan minstirel da ita, doguwa mai tsini har tana taɓa kunne, ku yanka ta daga farin kwali ku lulluɓe da alawayyo ku sa gam, ku yi guda uku ko huɗu don gumi yana kashe ta a wasa ɗaya. Doguwar hula ma kwali ne, a naɗe shi zagaye daidai kan ɗan wasan, a rufe sama, a yi mata baki, a liƙa baƙin yadi, a sa roba siririya ta ƙarƙashin haɓa. Sarƙar agogo a wajen masu kayan ƙyale-ƙyale na mata za ku samu, mafi kauri da ƙyalli ita ce daidai.

In kuna da mutane da yawa kuna so ku nuna cikakkiyar ƙungiya, to ku san tsarin zamansu, wanda ƙungiyar Edwin Christy ta daidaita shi a shekarun da ta yi tana wasa a Niyok daga 1847 zuwa 1854. Ana jera kujeru rabin da'ira, a tsakiya akwai mai gabatarwa cikin kwat mai tsabta da magana irin ta manya, a bakin layi ɗaya mai tambari ƙarami mai ƙararrawa a ɗaya bakin kuma mai buga ƙasusuwa a hannu suna ba da sautin kiɗa, su biyun nan su ne masu shirme kuma kayansu sun fi na kowa hayaniya, wando mai ratsi ko mai gida-gida, ƙaton laktaya, farar safar hannu. Mutum huɗun farko na 1843 fararen wanduna suka sa da riguna masu ratsi da shuɗɗan kwat masu wutsiya, duk na yadin auduga mai araha. Wannan ma ku tsaya a kai kaɗan, mu da muke zaune a ƙasar auduga, Sodecoton na nan Garwa, yaran da za su kalli wasan da yawa iyayensu manoman auduga ne sun san abin da tsinkar auduga ke yi wa yatsu da baya, in mai ba da labari ya ɗaga rigar ya ce audugar da aka saƙa irin wannan yadin a wancan zamanin bayi ne ke tsinke mafi yawanta, ba sai an ƙara bayani ba. Akwai kuma namiji da ke shigar mata a wasan, su ma matan baƙaƙe ba a bar su ba, amma wannan shawarata ku bar shi a bakin mai ba da labari kawai, don da zarar namiji ya fito da zane zauren zai kece da dariya kuma bazaku iya dawo da shi ba.

Kayan kiɗa kada ku wahalar da kanku neman banjo. Asalinsa daga kayan kiɗan tsirkiya na Afirka ta yamma ne waɗanda bayi suka sake ƙerawa da ƙwarya da fata a can, dangin gurmi da molo da garaya, don haka ku ari gurmi a ajiye shi kusa da hoton banjo, mai kallo zai gane daga ina aka ɗauko.

Yanzu kashi na biyu, kayan gaskiya, waɗanda yawanci ake mantawa da su alhali su ne rabin wasan. Frederick Douglass, wanda aka haifa bawa a jihar Maryland ya gudu a 1838, ya rubuta a littafin tarihin rayuwarsa na 1845 abin da ake ba bawa na shekara guda a gonar da ya tashi: riguna biyu na yadi mai kaushi, wando ɗaya irinsu, 'yar kwat ɗaya, wandon sanyi ɗaya, safa ɗaya, takalmi ɗaya. Yaran da basu kai aikin gona ba riguna biyu kawai, in sun yage su zauna tsirara sai shekara ta zagayo. To ku ɗinka wannan daidai yadda ya lissafa, da akoko ko duk wani yadi mara rini mai kaushi da kuka samu, ɗinki a miƙe ba kwala ba ado ba kala, ku ninke su ku ɗora a kan ɗan benci a gaban dandamali. Tarin bazai kai tsawon hannu ba, kuma in yarinya ɗaya ta fito ta ɗaga su ɗaya bayan ɗaya tana ƙirgawa ta ce wannan na wata goma sha biyu ne, zauren zai yi tsit. Babu ja babu rawaya babu ƙaton laktaya a ciki, kuma a nan ne mai kallo zai waiwaya ya kalli kayan Jim Crow da wani ido daban.

Haka nan kusa da kayan Zip Coon ku sa wani ya fito cikin baƙar kwat mai kyau wadda ta zauna masa daidai, farar shat a goge da sitati, ba sarƙa ba ƙyalli, wato shigar Douglass ɗin kansa. Mutumin nan an ɗauke shi hoto wajen sau 160, ana cewa ya fi kowane Ba'amurke yawan hoto a ƙarni na 19, kuma kusan kullum cikin kwat yake fuska a ɗaure yana kallon mai kallo, da gangan yake yi don ya karya wancan hoton na baƙin mutum mai washe baki. A 1848 a jaridarsa ya yi wa 'yan minstirel kaca-kaca, ya ce sun saci launin da ba nasu ba don su yi kuɗi da shi. Wannan kwat ɗin ita ce kaɗai za ku kashe wa kuɗi sosai, in ma aro ne ku aro mai kyau, a wanke a goge, a ba ɗan wasan da ya fi kowa natsuwa.

Sai maganar fuska, wadda saboda ita na rubuta duk wannan. Yadda suke yi shi ne su ƙona toshiyar kwalba irin ta ɓawon itace ta zama gawayi, su niƙe su kwaɓa da ruwa ko mai su shafe fuska da wuya da kunne, su bar zagaye mai faɗi a baki su cika shi da fari ko ja don leɓe ya yi girma, su ɗora hular gashi ta ulu. Ku faɗi wannan a wasan, ku nuna toshiyar, ku ma ƙona ta a faranti a gaban mutane in wurin ba haɗarin gobara, amma kada ta taɓa fuskar kowa. Na san abin da wasu za su ce, ai mu baƙaƙe ne meye a ciki in mun shafa. Abin da ke ciki shi ne wannan fuskar ba fuskar baƙin mutum bace, zane ne da aka ƙirƙira, ba wanda Allah Ya halitta da irin wannan leɓen da irin wannan idon, kuma baƙaƙen da suka shafa ta a tarihi dole ce ta sa su. Bayan yaƙin basasar Amurka ya ƙare a 1865 baƙaƙe sun kafa ƙungiyoyinsu don ita ce kusan ƙofar da aka bar musu ta hawa dandamali, kuma da yawansu sai sun ƙara baƙi a kan baƙinsu kafin turawa su yarda su kalle su. Bert Williams, haifaffen Bahamas a 1874, wanda ya yi wasa a fadar Buckingham a 1903 ya kuma zama tauraro a manyan wasannin Niyok daga 1910, har ƙarshen rayuwarsa a 1922 da wannan baƙin da farar safar hannu da wandon da bai kai ƙasa ba yake fitowa, ku nemi hotonsa na dandamali da hotonsa na waje cikin kwat ɗinsa ku buga su tare, za ku ga mutum mai kwarjini wanda aka tilasta wa ɓoye fuskarsa kafin a ba shi abinci. Mu ba wanda ya tilasta mana, to don me zamu ɗora wa yaranmu.

Kuma ku tuna da waya. Duk wasan da kuka yi yau akwai mutum talatin suna ɗauka, gobe daƙiƙa goma sha biyar ne za su hau TikTok da Facebook ba tare da mai ba da labari ba, ba tare da bencin akoko ba, sai yaro da fuska baƙa ƙirin da jan leɓe yana tsalle, da sunan lekol ɗinku a rubuce a bayansa. Masu bin ƙwallo sun tuna abin da ya faru da Griezmann, ɗan ƙwallon Faransa, a Disambar 2017 da ya shafa baƙi ya saka hoton, sai da ya goge ya nemi gafara. Banda ma wannan, abin da yaranmu ke shafawa in an ce su yi baƙi, baƙin tukunya da man takalmi har da baƙin cikin batir, duk masu cutar da fata da ido ne.

To yaya za a nuna bature yana shafawa alhali ɗan wasan namu baƙi ne? Kada kuma ku juya ku shafa masa farar ƙasa ko hoda wai ya zama bature, ba a buƙata. Ku rataya masa allo ƙarami a wuya da sunan wanda yake wakilta da shekara, misali Thomas Rice 1832, ku ajiye tebur da madubi a gefen dandamali, ya zauna ya ba mutane baya yana sa kayan ɗaya bayan ɗaya, mai ba da labari yana faɗin kowane abu da dalilinsa, in ya kai hannu ga farantin gawayin sai a ɗaga fastar nan ta 1900 a gabansa ta rufe shi, mutane su ga fuska biyun. In ya miƙe ya juyo fuskarsa tasa ce, kayan ne kawai a jikinsa. Rawar kuma kada ta wuce 'yan daƙiƙu, kuma a katse kiɗan a tsakiya tun dariya bata yi nisa ba, sannan ya tuɓe kayan a gaban mutane ya rataye su. Don haka ku tanadi marataya, sanda biyu a gicciye a kafa cikin bokitin yashi ya isa, ɗaya ga kowane kaya, da takarda a ƙasa mai suna da shekara. Ni in son samu ne ma kayan su fi daɗewa a kan sandar fiye da a jikin mutum, kamar yadda ake nuna wa yara kunama a cikin kwalba ba a tafin hannu ba.

Akwai abin da bazan tsallake ba ko da zai ɓata wa wasu rai. In kun gama ɗinka kayan Jim Crow ku buɗe akwatin kayan ƙungiyarku ku duba abin da kuke sa wa ɗan wasa in zai fito a ɗan ƙauye, ko mutumin kan dutse daga Mandara, ko Bororo, ko ɗan kudu, ko ɗan gudun hijira. In wando ne ƙafa ɗaya a naɗe da hula a karkace da haƙori da aka shafa wa baƙi da gurɓatacciyar Hausa, to ɗinkin iri ɗaya ne da wanda muke magana a kai. Kada a ce ai wasan barkwanci ne irin na taubasai ko wanda ke tsakanin Fulani da Barebari, wancan kowa na da bakin ramawa kuma ido da ido ake yi, wanda aka tsokana yau gobe shi zai tsokana. A minstirel wanda ake kwaikwaya bashi da dandamalin da zai rama, sau da yawa ma ko zauren ba a barinsa ya zauna inda yake so. Kuma mu ma ƙasar nan tamu tana da nata tarihin bauta, akwai iyalai a unguwanninmu da har yau ake yi musu gori da asali, 'ya'yansu na cikin masu kallonku, wasu ma na cikin ƙungiyar.

Game da lokaci, ku ba tela sati uku aƙalla don kusa da 11 ga wata duk teloli sun cika da ɗinkin yunifom ɗin maci, kuma ku yi gwaji biyu da cikakkun kaya a jiki, a nan ne za ku gane hular kwali na faɗuwa ko wutsiyar kwat na maƙalewa a kujera. Ku gayyaci malamin tarihi ko wani dattijo ya kalli gwajin ƙarshe ya gaya muku a ina ya yi dariya, in a wurin da bai kamata bane ku rage wannan wurin. In da hali ku bar minti goma bayan wasa mutane su matso su taɓa akokon su taɓa kwat ɗin su yi tambaya.

Bayan an tashi, kayan dandamalin a wanke a ninke a sa a jaka ɗaya tare da hotunan da takardar bayani, a rubuta a jikin jakar abin da ke ciki, a ba mutum ɗaya amanarta. Kada a ba da aronsu ga masu tashe in azumi ya zo, ko masu barkwancin biki, ko mai son yin bidiyon ban dariya, ko da ɗan ƙungiya ne. Kwalar kwali da hular in sun lalace a yar, ana sake yin wasu a yini ɗaya. Kwat ɗin Douglass in aro ce a mayar wa mai ita a goge, akokon kuma ku ajiye shi tare da sauran don duk ƙungiyar da zata ari jakar nan gaba ta same su a haɗe.